Karabin 22 za ta iya kada barewa kuwa? Ina neman shawarar maharba

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da sanyi. Dan Allah tambaya gareni kuma ina so wanda ya taɓa abin da hannunshi ya amsa mini, ba wanda ya ji labari a fada wajen shan shayi ba.

Kawuna ya rasu wata bakwai kenan, Allah ya jiƙanshi, to da aka zo rabon kaya sai aka tarar da wata bindiga karabin a ƙarƙashin gadonshi an nannaɗe ta da tsohon bargo, a jikin ƙarfen an rubuta 22 LR, ga kwalin kartushi ɗaya da rabi a cikin gwangwanin madara. Ni ta faɗo ma tunda ni ne nake binshi gona can hanyar Mirya tun ina yaro, kuma da ita na ga yana harbin zabin daji da zomo idan an gama girbi. Ban taɓa ganin ya ɗaga ta ga wata babbar dabba ba.

Yanzu wani abokina da yake kai kaya wajen Tasker ya dame ni, wai yana ganin barewa jefi-jefi da sassafe in sun kwana a hanya, wai in ɗauko bindigar mu tafi tare, barewa ba ta kai akuya ƙiba ba harbi ɗaya ya ishe ta. Ni kuma jiya na ciro kartushi ɗaya na aza a tafin hannuna, wallahi duka-duka bai kai tsawon ƙaramin yatsana ba, kan dalmar kamar ƙwarar wake, sai zuciyata ta ƙi kwanciya. Wannan ɗan abin zai kashe barewa nan take ko dai raunata ta kawai zai yi ta gudu? Sannan takardar bindigar da sunan kawu take, shin gado ya sa ta zama tawa a wajen hukuma ko sai na sake wata? Na gode.

Tsohon Maharbi:

Wa alaikumussalam ɗana. Allah ya jiƙan kawunka, ya sa ya huta. Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa, dan idanuna ba su ganin rubutun waya.

Ka ce ba ka taɓa ganin kawunka ya ɗaga ta ga babbar dabba ba. To amsarka tana nan, mutumin ya san bindigarshi. Na yi shekara talatin da wani abu ina shiga daji tsakanin Gure da duwatsun Kutus, na riƙe baka, na riƙe bindigar toka, daga baya na riƙe irin wannan taka, kuma abin da zan gaya maka ban taɓa gaya ma 'ya'yana shi duka ba.

Shekara biyu bayan yunwar El Buhari ne, daji ya fara murmurewa. Na kwanta a bayan wata magarya tun kafin asuba, iska tana busowa daga wajenta zuwa wajena yadda ake so, sai ga barewa ta fito ita kaɗai tana tsinkar ganye, tazararmu ba ta fi taku saba'in ba. Na saita bayan allon kafaɗa. Daidai lokacin da na ja kunama ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya, taku ɗaya tak ɗana, harsashin ya same ta a ciki. Ta yi tsalle ta gantsare baya ta ruga. Da na je wurin ban ga jini ja mai kumfa ba irin na huhu, ɗan ruwa-ruwa ne kore-kore haɗe da ciyawar da ta ci, ɗigo biyu uku, shike nan. Ƙaramin harsashi ƙaramin rami yake yi, sau da yawa ma ba ya fita ta ɗaya gefen, fata ta rufe bakin ramin, jinin ya taru a ciki, kai kuma ba ka da abin bi sai sawu. Na bi sawu yini guda cikin karangiya har ƙafafuna suka yi jina-jina, na ga inda ta kwanta sau huɗu, duk inda ta kwanta sai ta tashi in ta ji motsina. Dare ya yi na kwana a dajin. Washegari wajen la'asar ungulaye ne suka nuna mini ita, a gindin wata aduwa, cikinta ya kumbura, dila ya riga ya fara ta ta baya. Da na juya ta sai na ga hantsarta cike da nono. Wato akwai ɗa a wani wuri cikin ciyawa yana jiranta, na neme shi har magariba ban ganshi ba.

Ban ci naman ba, ban sayar ba, rai biyu sun tafi a banza. Daga ranar ban ƙara nuna 22 ga wani abu da ya wuce zomo ba. Zabo, fakara, kurciya, zomo, gafiya, wannan aikinta ne kuma tana yinshi da kyau ba ta ɓata nama. Barewa ba sa'arta ba ce. Dabba ce mai rai da yawa, wanda bai gani ba ba zai yarda ba, tana iya gudun da ya fi daga Birni zuwa Kasuwar Dole sau goma da harsashi a cikinta.

Na Zango:

Baba Allah ya ƙara girma, ba musu nake da kai ba amma ni da idona na ga an kada barewa da 22, ko shurawa ba ta yi ba. A gindin kunne aka same ta. Mutumin da ya yi harbin cewa yake bindiga ba ta da laifi sai mai riƙonta, in ka iya saiti ko giwa ce sai ta faɗi. Kuma a duba mana, kartushin manyan bindigogi ina mutum zai same shi a nan, nawa ne kuɗinshi, talaka da abin da yake hannunshi yake aiki. Inaga in Ɗan Birni ya yi ta gwaji a gwangwani har hannunshi ya faɗa babu abin da zai hana.

Ɗalibi a Faransa:

Salam. Ni ba maharbi ba ne kamar Baba, amma ina karatu a nan kuma mai gidan da nake haya maharbi ne, shi ya sa na ɗan san lissafin, bari in kawo shi dan ya taimaka.

Harsashin 22 LR faɗinshi milimita 5.6, nauyinshi wajen giram 2.6, yana fita bakin bindiga da gudun mita 330 zuwa 380 a sakan ɗaya. Ƙarfin bugu ana auna shi da abin da ake kira jul, to shi nashi bai kai jul 200 ba a bakin bindiga, in ya yi tafiyar mita 100 kuma ya sauko wajen jul ɗari da 'yan kai. Yanzu ku ji dokar Faransa, an hana harbin barewa da gursunun daji da duk dabba mai kofato da irin wannan kartushin da ake bugawa a gefen gindi, wato dangin 22 LR gaba ɗaya, kuma ko wace karabin ce sai harsashinta yana da aƙalla jul 1000 a tazarar mita 100. Kun ga kenan ta Ɗan Birni kusan kashi ɗaya cikin goma take bayarwa na abin da suka ce shi ne mafi ƙaranci. A Ingila ma sun fi tsanani, ga yawancin barewarsu sai bindigar da faɗin bakinta ya kai .240 na inci da ƙarfin da ya kai wajen jul 2300. Jihohi da yawa a Amurka su ma sun hana 22 LR a farautar barewa.

Kar wani ya ce ai tasu barewar manya ce. Gaskiya ne akwai manya masu ƙaho kamar reshen itace da suke zubar da shi duk shekara, ba irin tamu ba ce, amma akwai wata ƙarama a nan da ba ta wuce kilo 20 zuwa 30 ba, kusan daidai da barewarmu mai jan goshi, kuma dokar ta haɗa har da ita. Ba dan kartushi ya yi musu yawa suka yi dokar ba, sun gaji da tsintar mushe ne a daji.

Abin da yake rikita mutane shi ne lambar. Akwai wata da ake kira .223, faɗin harsashinta kusan ɗaya da na 22 LR, amma kwanson babba ne cike da albarushi, gudunta ya kusa mita 1000 a sakan, ƙarfinta wajen jul 1700. Akwai .243 da take jefa giram 6.5 da gudun mita 900, ƙarfin ya haura jul 2500. In ka ji Bature yana cewa ya harbi barewa da ƙaramar bindiga to galibi waɗannan yake nufi, ba ta kawunka ba. Ba faɗin rami ne zancen ba, abin da yake tura harsashin daga baya shi ne zancen.

Sai kuma iska. Harsashi mara nauyi mara gudu iska tana wasa da shi, in ka saita ta a mita 50 to a mita 100 zai faɗi ƙasa da fiye da santimita goma, ka haɗa da iskar hunturun Damagaram da take ɗauke hular mutum, ina gindin kunnen yake? Kuma duk da rauninta a kan dabba, in ka kuskure harsashin yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi kuma yana kashe mutum, a kan kwalin ma suna rubuta gargaɗin. Dajinmu kuwa ba kowa ba ne ake gani, akwai yaro mai kiwo bayan kowane tudu.

Tsohon Maharbi:

Na Zango, ɗana, na yarda ka gani, ni ma na gani ba sau ɗaya ba. Amma mai harbin nan ya nuna maka wadda ta faɗi, ya taɓa kai ka ka ga waɗanda ba su faɗi ba? Maharbi ba ya ba da labarinsu.

Ƙwaƙwalwar barewa ba ta fi ƙwan kaza girma sosai ba, kuma kai shi ne abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya a jikinta, yanzu ta sunkuya, yanzu ta ɗaga, yanzu ta waiga dan kunnenta ya ji wani abu. Gwangwani ba ya waigawa. In ka sauka da faɗin yatsa biyu ka fasa mata muƙamuƙi. Na taɓa iske irin wannan kusa da wata rijiyar makiyaya, ba ni na harbe ta ba, haɓar ƙasa tana reto, harshe a waje ya bushe, ƙudaje sun cika wurin, ta zo wajen ruwa saboda ƙishi ga ruwa a kwalo tana gani ba halin sha. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, ka san ta kwana biyar ko shida a haka. Ko gudu ba ta yi ba da muka matso, wani Bafillace ya riƙe ta na sa mata wuƙa.

Zancen talaka da abin hannunshi kuma gaskiya ne, shi ya sa talaka yake harbin zabo da ita ya kai ma iyali miya.

Jikar Gure:

Sannunku. Ni mahaifina ya yi aikin gandun daji har ya yi ritaya, a cikin maganar nan muka tashi, kuma kuyi haƙuri in na yi zafi dan abin yana ci mini rai. Duk ana ta zancen wace bindiga ce za ta kashe, ba wanda ya tambaya barewar nawa ta rage.

Yayana Ɗan Birni, wajen da abokinka yake kiranka ɗin nan ka san ko ina ne? Daga Tasker in ka miƙa ai ka doshi gandun Tarmit da Tin Tumma ne, wanda gwamnati ta keɓe a 2012, faɗinshi lokacin da aka kafa shi wajen murabba'in kilomita 97,000, yana cikin mafi girma a Afirka baki ɗaya. Ba dan ado aka keɓe shi ba. Can ne mafakar ƙarshe ta farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks, kuma a 2016 da aka yi bincike ta sama da ta ƙasa guda uku kacal aka gani. Uku. Mena kuma, babbar barewar nan wadda ƙungiyar ƙwallonmu ta ƙasa take ɗauke da sunanta muke ihu muna cewa Mena ta ci, wadda ta rage a daji a duk duniya 'yan ɗaruruwa ne ƙalilan, wasu daga ciki a duwatsun Tarmit suke. Mariri ya riga ya ƙare mana, a 2000 aka bayyana cewa babu shi a daji ko ina, sai a 2016 aka fara maido da shi Chadi daga waɗanda aka kiwata a killace. Jimina da kakanninmu suke ba da labarin garkenta yanzu a Kelle ake rainonta cikin waya kamar kaji dan kar iri ya ɓace. Duk a gabanmu aka yi wannan, fari ya ci nashi, amma motar katkat da babur da fitila da bindiga su suka ƙarasa. Ana bin barewa da babur har numfashinta ya ƙare ta faɗi a kama ta da hannu, wasu a kawo 'ya'yan gari a sayar ma masu kuɗi su ajiye a tsakar gida, rabi su mutu a hanya.

Game da doka, akwai ta, lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, ita ce ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar. Ba a farauta sai da parmi, wato takardar izini, ba a yi sai lokacin da aka buɗe, an hana farautar dare, an hana bin dabba da mota ko babur, an hana guba da wuta da makaman yaƙi. Mena da adaks kuwa babu parmin da yake halatta su ko kaɗan, kuma a cikin gandu ba a harbi. To kai da sassafe cikin hazo, daga nesa, ka tabbata za ka bambance wace iri ce a gabanka kafin ka ja kunama?

Takardar bindiga kuma ba gona ba ce da ake gada, izinin na mutum ɗaya ne da sunanshi. Ka je kwamisariya ko wajen jandarmomi da takardar kawu da ta mutuwarshi ka ce ga abin da aka samu a gado, su za su gaya maka yadda ake yi. Dan Allah kar ka sa ta a mota ka kama hanyar arewa da takardar mamaci a wannan zamani da ake ciki, shingen farko za ka gane ba ka da wayo, kuma ba zancen barewa za a yi maka ba.

Almajirin Garin Malam:

Assalamu alaikum, Allah ya saka ma Baba da 'yar'uwa da alheri. Zan ɗan ƙara ta ɓangaren addini dan mu nan yawancinmu Risala muka karanta a zaure, kuma a cikinta an ce farauta dan wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba ita ce halal. Sai mutum ya tambayi kanshi, yunwa ce ta fitar da shi ko sha'awa.

Sannan halaccin naman yana da sharuɗɗa. Ka yi bisimilla lokacin harbi, makamin ya huda ya zubar da jini, in ka iske ta da sauran rai sai ka yanka. Wadda ta ɓace maka har ta kwana kuma malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kai, Imamu Malik ya ƙi a ci, saboda ba ka san mene ne ya ƙarasa ta ba, harsashinka ne ko dila ne ko ƙishi. Ku duba labarin Baba, daidai wannan ne ya faru. Wato bindigar da galibi raunatawa take yi dabba ta gudu ta kwana, ko ta fuskar cin naman ma ta jefa ka cikin shubuha.

Kuma hadisi ya inganta a Muslim cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za a yi kisa a kyautata, in za a yi yanka a kyautata, mutum ya wasa wuƙarshi ya hutar da abin yankanshi. In an umurce mu da wasa wuƙa dan kar rago ya sha wahalar minti ɗaya, to yaya wanda ya san makaminshi bai isa ba ya harba duk da haka, dabba ta yi kwana biyar tana jan ciki? Na Zango ɗan'uwa, ka yi tunani a kan wannan. Allah ne mafi sani.

Ɗan Birni:

Wallahi na gode muku duka, Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, a gaida jikan da ya yi mana rubutu. Na karanta labarin mai nonon nan sau biyu, na kasa cin tuwon dare.

Na kira abokin nawa na ce mishi ba da ni ba, ya yi ta mita wai na cika tsoro, na tura mishi abin da Jikar Gure ta rubuta bai amsa ba har yanzu. Ran Litinin in Allah ya kai mu zan bar bindigar a gida in ɗauki takardun kawai in je kwamisariya tare da babban ɗan kawu, dan a ga ba ni kaɗai na yanke ba. In sun ba ni izini da sunana sai in nemi parmin ƙananan namu wajen masu gandun daji, in tsaya inda kawu ya tsaya, zabo da zomo a gonar Mirya bayan girbi.

Baba saura tambaya ɗaya, na leƙa cikin bututun da fitilar waya na ga ɗan tsatsa ja-ja kusa da baki, wata bakwai ba a taɓa ta ba kuma damina ta wuce a kanta. Da wane mai kuke goge ta a da, kuma tsatsar nan tana ɓata saiti ne ko in an goge shike nan?